Ga Ɗanye a Gabanmu, Muna Ta Shanya

Wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Zariya da rani, lokacin da tumatir ya yi yawa har kwando ya rasa mai tayawa, ya san abin da ake gani wajen Kadawa da Kwanar Gafan. Ƙasa ta yi jajawur. Manya da yara sun zauna da wuƙaƙe suna tsaga tumatir gida biyu suna bazawa a rana. Bayan 'yan kwanaki, abin da ya cika kwando sai ya koma ɗan abin da bai fi cikin ƙwarya ba, ya yi duhu, ya yamushe. Kauɗa ke nan. Babu mai hankalin da zai raina wannan aiki, don idan damina ta sauka, ɗanye ya yi tsadar da sai wane da wane, kauɗar nan ce take rufa wa tukunya asiri. Amma babu uwargidan da za ta ce maka miyar kauɗa da miyar ɗanye ɗaya ne. Kuma ba a taɓa jin gidan da ga ɗanye jibge a tsakar gida, aka shanya shi kaf, aka ci tuwo gaya ba.

To, abin da ba ma yi wa tumatir, shi muke yi wa ranakunmu na farin ciki tun da waya mai kyamara ta shiga aljihun kowa. Je ka Ƙofar Kudu a Kano washegarin sallah da la'asar sakaliya, ranar Hawan Daushe, bayan sarki ya je Babban Ɗaki gaisuwa. Hakimai sun jero kowa da jama'arsa. 'Yan bindiga sun saki wuta, ƙasa ta girgiza, warin albarushi ya gauraya da ƙura da zufar dawaki. Ga 'yan lifida, ga 'yan sulke, ga dogarai cikin ja da kore, kakaki na kuka, tambari na amsawa can ƙasa-ƙasa, ka ji shi a ƙirji kafin ka ji shi a kunne. Sai laima ta ɓullo. A da, daidai wannan lokaci hannuwa ne suke tashi sama, kowa ya dunƙule na dama yana jinjina, baki na faɗin "Ranka ya daɗe! Allah ya ja zamani!" Yanzu ma hannuwa na tashi, har sun fi na da yawa, sai dai kowane hannu da waya a cikinsa, idon mai hannun kuma yana kan ɗan gilashin da bai fi tafinsa ba. Sarki na wucewa taku goma daga inda yake tsaye, shi kuwa wani ɗan sarki mai tsawon yatsa yake kallo. Na bayansa ma, wanda bai fito da tasa ba, dole ya kalli hawan ta cikin wayar na gaba, don ta tare masa.

Shanya ake yi. Ba don neman daɗin magana na kira ta haka ba, aikin da waya take yi a cikinta kusan shi ne na masu kauɗa. Kyamara ba ta ɗaukar motsi. Hotuna take ɗauka tsayayyu, wajen 30 a kowace daƙiƙa, ta jera su, idan aka saki jerin da sauri sai ido ya ga doki na gudu. Wato ta tsattsaga lokacin ne yanka-yanka, yadda wuƙa take yi wa tumatir. Sai kuma fitar da ruwa. Da za ta ajiye kowane yanka da duk abin da ke cikinsa, bidiyon minti goma zai cika wayar talaka har ya zuba. Don haka sai ta duba ta ga bangon fada bai motsa ba daga wannan hoton zuwa na gaba, sama ma tana nan yadda take, to ba sai an sake rubuta su ba, a rubuta abin da ya canza kawai. Launukan da suka yi kama da juna ta haɗe su ta mai da su ɗaya. Cikin kashi 100 na tumatir wajen 95 ruwa ne, rana ta shanye mafi yawansa. Cikin kashi 100 na abin da ya shiga idon kyamara kuwa, da ƙyar ɗaya ko biyu suke kwana a wayar.

Shi ya sa bidiyon hawa ya fi kowanne lalacewa. Wuri ne da komai ke motsi, ƙura na tashi, dubban kawuna na kaɗawa, babu abin da ya tsaya cak da za a yi tsimi da shi, sai wayar ta rasa abin zubarwa ta hau zubar da mai amfani. Rigar hakimi da maɗinki ya yi watanni yana zuba mata aska takwas sai ta fito a dame, ba ka gane zare daga yadi. Idan ka ga abin ya yi nisa ka sa yatsu biyu ka jawo shi, a yawancin wayoyinmu ba kusantowa ya yi ba, ɗan abin da ke akwai aka miƙe, kamar a ƙara wa miya ruwa don baƙi sun yi yawa. Sauti nasa ya fi muni. Kunnen wayar wani ɗan rami ne da tsinke ma da ƙyar zai shiga, lasifikarta kuma ba ta iya fito da kaurin muryar tambari, bindigar da ta girgiza ƙasa ta koma ƙas. Warin albarushi, hucin dokin da ya gifta ta gefenka, guɗar da ta sauko daga kan soro, faɗuwar gaban nan mai daɗi lokacin da mahaya suka sako a guje suka ja linzami a gaban sarki har dawaki suka kusa zama a kan ƙafafun baya, duk wannan shi ne ruwan, kuma shi ne ya tafi.

Ba a nan ake tsayawa ba. Ka tura wa ɗan'uwa ta WhatsApp, manhajar ta sake matse shi don kada ya ci data da yawa, shi kuma ya ɗora a status, wani ya kwafa ya kai Facebook ko TikTok, kowace tasha ana ƙara daka shi. Kafin ya zagayo ya dawo maka ya zama gari.

Sai mutum ya ce, ai ina ɗauka ina kuma kallo. Hausawa sun riga sun faɗa, taura biyu ba ta taunuwa. Tsaya kusa da mai ɗauka ka lura da fuskarsa. Ya ɗaure gira, ya cije leɓe, hankalinsa na kan kada hannu ya yi rawa, kada hular wancan ta shigo, caji saura nawa, jan ɗigon nan yana ƙiftawa ko ya manta bai danna ba. Aiki yake yi, da gumi. Wata masaniyar halayyar ɗan'adam a Jami'ar Fairfield ta Amurka, Linda Henkel, ta gwada wannan, sakamakon ya fito a 2013. Ta zagaya da ɗalibai cikin gidan adana kayan tarihi, wasu kayan ta ce a ɗauki hotonsu, wasu a kalle su kawai. Washegari da aka tambaye su, sai ga shi abin da suka ɗauka a hoto shi suka fi mantawa, abin da suka tsaya suka kalla shi ya fi zama. Kamar dai zuciya idan ta ga an ba wani ajiya sai ta saki hannu. Akwai wani ɗan sassauci a binciken da ya kamata a faɗa: waɗanda suka jawo wani sashe na abin suka ɗauke shi da lura ba su yi wannan mantuwa ba. Wasu masu bincike kuma, Barasch da Zauberman da Diehl, sun nuna a 2018 cewa wanda ke ɗauka don ya nuna wa jama'a bai kai wanda ke ɗauka don kansa jin daɗin abin ba, saboda tun yana wurin ya fara tunanin me za a ce. Mu kuwa mun san galibin ɗaukarmu don wa ake yin ta. Don a san mun je ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne haƙƙin wanda ake kallo, wanda ba a cika yin maganarsa ba. Saurayin nan da ke kan doki tun azumi yake shiri. Wataƙila dokin na aro ne ko na haya, ya yi kiwonsa, ya nemo jalala da ɗan-goshi, ya je an naɗa masa rawani tun hantsi yana zaune kamar gunki don kada ya warware. Me yake nema? Ido. Yana so ya gifta ya ga fuskar 'yan unguwarsu, ya ji an kira sunan gidansu, ya ɗaga mashi a amsa masa. Jinjina gaisuwa ce, gaisuwa kuwa sai da amsa, hannun da ke riƙe da waya ba ya dunƙulewa. Tafi sai da hannu biyu. Mai guɗa sai ta kama hanci. Makaɗi fuskokin jama'a yake karantawa ya san inda zai tsaya da inda zai maimaita, ɗan dambe ihun fili ke ƙara masa ƙarfin hannu. A kokawar takobi ta Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, 'yan kokawa sukan yi mintoci suna zagaya juna, kayen kuma ya zo cikin ƙiftawar ido, sau da yawa mai gyara riƙon waya yana ɗagowa ya tarar fili ya riga ya ɗauka. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Abin da ta sa shi ne hawan a raye, da mahayansa da makaɗansa da masu sana'ar kayan doki da jama'ar gari, kuma 'yan kallo ma suna da nasu aikin a ciki. Idan suka ajiye nasu aikin suka koma masu hoto, an rage wa hawan wani abu ko da dawaki sun ninka.

Haka a gidan biki. A shigo da amarya, ta ɗan ɗaga kai ƙarƙashin mayafi tana neman fuskar innarta ko gwaggonta, sai ta ga bayan wayoyi ashirin da fitilunsu a idonta. Haka a ɗawafi, inda za ka ga mutum ya tara kuɗi shekara da shekaru, Allah ya kai shi, ya juya wa Ka'aba baya yana neman inda za ta fito daidai kafaɗarsa. Malamai sun daɗe suna jan hankali a kan wannan.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Ranar 7 ga Fabrairu, 2023, a Los Anjalas, ɗan wasan ƙwallon kwando LeBron James ya jefa ƙwallon da ta sa ya wuce Kareem Abdul-Jabbar a yawan maki, bajintar da Kareem ke riƙe da ita tun 1984. Hoton wannan jifa ya zagaya duniya, amma abin da ya fi jan ido a cikinsa jama'ar baya ne: kusan kowa ya ɗaga waya, sai wani tsoho a sahun gaba, Phil Knight, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Nike, yana zaune yana kallo da idon da Allah ya ba shi. Gidajen talabijin suna wurin da manyan kyamarori ta kowace kusurwa, kowa ya san kafin ya isa gida za a nuna abin sau ɗari, fes. Duk da haka mutanen da suka biya kuɗi masu yawa don su ga ɗanye suka zaɓi su yi tasu 'yar shanyar. A Nuwamban 2017 Fafaroma Francis ya koka a bainar jama'a cewa ransa na ɓaci idan yana jagorantar ibada ya ga wayoyi a sama, har da na limaman coci. Wasu masu wasa kuwa sun gaji da roƙo. Tun 2014 wani kamfani mai suna Yondr yake yin wata 'yar jaka mai makulli: a ƙofa ka sa wayarka a ciki a kulle, ka riƙe abarka, ba ta buɗuwa sai ka fito an taɓa ta a jikin wani maganaɗisu. Mawaƙa irin su Bob Dylan da Jack White, da ɗan barkwanci Dave Chappelle, da ita ake shiga wasanninsu.

Kada a ɗauka ina ƙin shanya. Ibrahim Narambaɗa ya rasu shekara sittin ko fiye da suka wuce, Mamman Shata ya rasu a 1999, muryarsu tana kunnen jikokinmu ne saboda wasu sun tsaya sun naɗa. Hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 da wanda aka yi lokacin bikin FESTAC a 1977, ɗan abin da masu kyamara suka ɗauka shi muke gani yau. Ɗan'uwanka da ke Kumasi ko Jidda ko Kartum, tsohuwar da ƙafa ta hana ta fita, matar da ke jego, su damina ce ta same su, kauɗar da ka aika ita ce miyarsu, kuma lada ne. Akwai ma ranar da ɗauka ta zama wajibi. A ranar 25 ga Mayu, 2020, wata yarinya 'yar shekara 17 a Miniyafolis, Darnella Frazier, ta tsaya da wayarta ta ɗauki yadda ɗan sanda ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har rai ya yi halinsa. Bidiyonta ya zama babbar shaida a kotu, aka kuma karrama ta da yabo na musamman na Pulitzer a 2021. Wannan ɗauka ce mai dalili, wadda mai yin ta ya san wa zai ci.

Tambayar ke nan: wa zai ci? Uwargida tana yin kauɗa ne da lissafi, ta san bakin da take ciyarwa, ta san watannin da za a yi babu ɗanye. A da ma haka muke da hoto. Mai hoto ɗaya ne a biki, fim ɗinsa 36, yana tsimi da kowanne. Daga baya mai bidiyo ɗaya da ƙatuwar kyamara a kafaɗa. Shi yana aiki, sauran jama'a suna biki. A ƙarshen 2000 kamfanin Sharp ya fitar da waya mai kyamara a Japan, a 2001 layin salula ya shigo Nijeriya, kafin a ankara Tecno da itel da Infinix sun mai da kowa mai hoto. Yanzu mutum dubu biyar ne suke shanya kwando ɗaya. Duba wayarka ka gaya wa kanka gaskiya, bidiyon hawan bara sau nawa ka buɗe shi? Status awa 24 yake yi ya gushe. Sauran yana nan a ƙasan buhu, har ranar da waya ta ce ta cika, a zauna a goge da sauri ba tare da an duba ba, ko ta faɗa ruwa, ko mai gyara ya ce sai an wanke ta gaba ɗaya, ko a fizge ta a cikin cunkoson hawan ma kansa, tunda an ɗaga ta sama an nuna wa kowa. Masu cewa nasu yana ajiye a intanet, ɗakin ajiyar wani ne can wata ƙasa. Google gigabait 15 yake bayarwa kyauta, Apple 5, abin da ya haura sai da kuɗin haya.

Akwai kuma inda abin ya wuce asarar daɗi ya kai ga jini. Idon mutum yana ɗaukar fili tun daga wannan kafaɗa har zuwa waccan, shi ya sa kake hango abin da ke zuwa ta gefe ka goce. Kyamarar waya ko rabin haka ba ta ɗauka, kuma a ɗan gilashin nan komai ƙanƙancewa yake yi, ya zama kamar yana nesa. Yaro ya shiga hanyar sukuwa taku ɗaya, taku biyu, yana neman wuri mai kyau, a gilashinsa doki yana can, alhali ga shi nan a kansa. Dogari na ta "Hattara! A ja baya!" ba ya ji, don kunnensa ma ya tafi inda idonsa ya tafi. Mahayi kuma ba birki gare shi ba.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne na bakin titi. Mota ta kife, mutane na kwance, na farkon da suka iso su zaro waya. Wayar da za ta kira jami'an kiyaye haɗura a 122 ita ce ake haska fuskar mai shure-shure da ita, kafin a kai shi asibiti uwarsa ta gan shi a Facebook. Wannan ba kauɗa ba ce, ba abin ajiyewa ba ne ko kaɗan, al'aurar mutum ce a ranar da ba zai iya rufe kansa ba. A Jamus, tun farkon 2021, ɗaukar hoton wanda ya mutu a haɗari laifi ne da zai iya kai mutum gidan yari har shekara biyu. Mu da muke gaggawar lulluɓe mamaci da zane tun kafin a tambayi sunansa, bai kamata sai doka ta koya mana ba.

Ban ga za mu iya kulle wayoyin mutum dubbai a jaka a Ƙofar Kudu ba, ban ma so a yi. Amma hanyar sukuwa ya kamata ta zama wurin da ba a tsayawa da waya, dogarai da 'yan sanda su riƙe wannan da gaske, a ware wa masu ɗauka na fada da na gidajen talabijin wuri mai tudu, abin da suka ɗauka a sake shi da wuri kowa ya samu. Wanda zai aika wa na nesa ya ɗauki minti ɗaya ko biyu ya mayar aljihu. A gidan biki abin ya fi sauƙi, don a hannunmu yake. A zaɓi yara biyu masu waya mai kyau da hannu mai nutsuwa a ce aikinsu ke nan. Kafin a shigo da amarya, sanƙira ko wata babba a dangi ta ɗaga murya ta ce, "Jama'a, don Allah a ajiye waya, ga masu ɗauka nan mun sa, kowa zai samu." Da daddare a tura a zauren dangi na WhatsApp, a kuma sa wani ya kwafe shi a wuri biyu don kada ya tafi da wayar mutum ɗaya.